Haruffa Uku a Ƙeyar Kalma: Waiwaye Kan Ɗafa-ƙeyar *-ism*

A birnin Atina na ƙasar Girka, kimanin shekara 2,500 da suka wuce, akwai wata al'adar siyasa mai ban mamaki. Sau ɗaya a shekara akan tambayi taron 'yan gari ko akwai wanda suke so a kora. In sun amsa da e, sai a sa rana, a killace wani sashe na dandalin kasuwa, kowane namiji mai 'yancin zaɓe ya zo da tsingaro a hannu, ya karce sunan mutumin da yake ganin ya fara fin ƙarfin gari. Idan ƙuri'u suka kai 6,000, wanda sunansa ya fi fitowa akan ba shi kwana 10 ya tattara nasa ya nasa, ya bar Atina har tsawon shekara 10. Ba a taɓa dukiyarsa, ba a tuhumarsa da wani laifi, ba a kuma ba shi damar buɗe baki ya kare kansa. An fara aiki da wannan doka a wajajen shekarar 487 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma har Temistokilis, wanda ya jagoranci Girkawa suka karya rundunar ruwan Farisa a Salamis a shekarar 480, bai tsira daga gare ta ba. A shekarun 1930 masu tonon kayan tarihi sun ciro tsingaro kusan 190 daga wata tsohuwar rijiya a gefen arewa na tudun Akropolis, duk da sunansa a jiki. Da aka duba rubutun da kyau sai aka ga hannun mutum 14 ne kacal. Ga dukkan alamu an rubuta su ne tun a gida don a rarraba wa masu zaɓe.

Girkawa na kiran tsingaro *ostrakon*. Daga nan suka gina aikatau *ostrakizein*, wato a kori mutum da tsingaro, sannan suka ba wa aikin kansa suna *ostrakismos*. Shi ne ya iso Turancin Ingilishi a matsayin *ostracism*, wanda yau ake nufi da ƙaurace wa mutum a mayar da shi saniyar ware. A nan ɗafa-ƙeyar da muke magana a kanta ta samo asali. Duk aikatau ɗin Girkanci da ya ƙare da *-izein* yana iya haifar da suna mai ƙarewa da *-ismos*, kuma ma'anar ba ta wuce "yin abu kaza" ba. *Baptizein* tsomawa ne a ruwa, *baptismos* shi ne tsomawar. Babu aƙida a ciki, babu jam'iyya, babu littafi. Aiki ne da ake yi da hannu a gani da ido.

Tun a wancan ƙarnin ne kuma ta fara ɗaukar wani nauyi na daban. Lokacin da Farisawa suka kawo wa Girka yaƙi, wasu birane, ciki har da Tibis, sun ga ba su da ƙarfin ja da daula mai girma irin wannan, suka miƙa wuya. Girkawa kan kira Farisawa da sunan Midiyawa, don haka suka ce waɗannan birane sun yi *medismos*, sun karkata ga Midiyawa. Wannan kalma tuhuma ce ta cin amanar ƙasa. Ba wanda ya taɓa tashi a bainar jama'a ya ce shi ma'abocin *medismos* ne. Abokin gaba ne ke liƙa maka ita, kai kuma ka yi ta rantse-rantse. A ganina duk wanda ke son fahimtar yadda ɗafa-ƙeyar nan ke aiki a jaridun yau, daga nan ya kamata ya fara, domin halin da ta nuna a Atina bai taɓa barin ta ba: sau da yawa wanda ya raɗa sunan ba shi ne mai abin ba.

Malaman nahawun Girkanci ma sun yi amfani da ita ta wata fuskar. Tsantsar Girkanci marar gauraye suka kira shi *hellenismos*. Kuskure a cikin kalma ɗaya *barbarismos* ne, maganar baƙon da bakinsa bai faɗa ba. Kuskure a ginin jimla kuwa *soloikismos*, daga sunan garin Soloi da ke kudancin Turkiyya ta yau, wanda mutanen Atina ke ganin mazaunansa sun gurɓata harshe. Har gobe Ingilishi na da *barbarism* da *solecism*. Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba, don ɗafa-ƙeyarmu ta *-anci* tafiyarta ke nan: ita ce a Kananci da Sakkwatanci, ita ce a Musulunci da Maguzanci, ita ce a ƙabilanci da ta'addanci. Ita ce kuma a kalmar gwaranci, inda aka ɗauki sunan al'umma guda mai harshenta cikakke aka mayar da shi sunan karyayyar magana, rashin adalcin da aka yi wa mutanen Soloi sak.

Shigarta addini ta faru ne a cikin rikici. A shekarun 160 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Yahudawan Ƙudus sun yi wa sarki Antiyokus na Huɗu tawaye saboda yana tilasta musu al'adun Girkawa. Littafin Makabiyawa na Biyu, wanda da Girkanci aka rubuta shi, ya kira kwaikwayon Girkawa *hellenismos*, ya kuma sa *ioudaismos* a gabansa a matsayin riƙo da hanyar Yahudawa. Nan ne farkon inda aka san kalmar *ioudaismos* ta bayyana a rubuce. A farkon ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), Ignatiyus, shugaban cocin Antakiya, yana kan hanyar Rum inda za a kashe shi, ya rubuta wasiƙu ga mabiyansa, a cikinsu ya yi amfani da *christianismos* don ya bambanta tafarkinsu da na Yahudawa. Abin da ya faro a matsayin sunan aiki ya zama sunan hanyar rayuwa dungurungum, mai iyaka, mai 'yan ciki da 'yan waje.

Latin ta karɓe ta a matsayin *-ismus*, Faransanci ya mayar da ita *-isme*, daga can ta tsallaka Ingila bayan Normandawa sun ci ƙasar a 1066. Ta daɗe tana zaune shiru a 'yan kalmomin coci. Abin da ya tashe ta shi ne rabuwar Kiristocin Turai bayan Martin Luther ya ƙalubalanci Paparoma a 1517. Kowane ɓangare na buƙatar sunan da zai jefi ɗaya ɓangaren da shi, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki sunan jagoransu a maƙala masa haruffan nan, don a nuna cewa abin da suke bi ƙirƙirar mutum ce ba saukakken addini ba. Abokan hamayyar Luther ne suka fara kiran mabiyansa da sunansa, shi kuwa a 1522 ya roƙi mutane su daina, su kira kansu Kiristoci kawai. Ba su daina ba. *Calvinism* ma daga bakin masu sukar John Calvin ta fito, shi kansa bai so ta ba. *Puritanism* zagi ne ga masu tsananin tsarkake ibada. *Methodism* ta samo asali ne daga ba'ar da ɗaliban jami'ar Oxford ke yi wa John Wesley da abokansa saboda yadda suka tsara ibadarsu daki-daki. Abin ya yi yawa har ta kai a shekarar 1680 an ga *ism* tsaye ita kaɗai a rubuce a matsayin kalma, ana nufin duk wata aƙidar da mai magana ya raina.

Da wannan ma'aunin ne Turawa suka auna addinan sauran duniya, kuma a nan maganar ta taɓa mu kai tsaye. Tunda sun saba kiran ƙungiya da sunan wanda ya kafa ta, sai suka kira Musulunci *Mahometanism*, daga baya *Mohammedanism*. Musulmi ba su taɓa yarda da wannan suna ba, domin yana nuna kamar Annabi (SAW) ake bauta wa, ko kuma addinin ra'ayinsa ne na ƙashin kansa, alhali addinin ya zo da sunansa a cikin Alƙur'ani. Duk da haka sunan ya yi ƙarnoni a littattafan Turai da takardun gwamnatocin mulkin mallaka. Har a 1949 babban masanin nan H. A. R. Gibb ya fitar da littafinsa da wannan suna a bango, sai a bugun baya aka sauya shi zuwa *Islam*. A Indiya abin ya ɗauki wani salo. Kalmar Hindu asalinta sunan da Farisawa ke kiran mutanen da ke zaune wajen kogin Sindu ne. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 aka ƙara mata *-ism*, sai ga ɗaruruwan hanyoyin bauta, masu littattafai daban-daban da ababen bauta daban-daban, an tattara su a ƙarƙashin suna ɗaya kamar addini guda mai shugabanci guda. Wannan shi ne ƙarfin haruffan nan da ya fi ba ni tsoro. Suna iya ɗaukar abubuwa warwatse su ɗaure su kamar damin dawa, mai kallo daga nesa ya ɗauka daman can haka suka tsiro.

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya fitar da ita daga coci ya kai ta fagen siyasa. A 1794 wani limamin Kirista ɗan majalisa, Henri Grégoire, ya ga yadda masu juyin ke farfasa gumaka da ƙona littattafai da rusa tsofaffin gine-gine, ya ƙirƙiro *vandalisme* daga sunan ƙabilar Bandal da ta washe birnin Rum a shekarar 455. Da gangan ya yi, yana so sunan ya kunyata masu aikin su bari. A wannan shekarar dai aka samu *terrorisme*, kuma mai karatu zai yi mamakin jin cewa da farko gwamnati ake nufi da ita. Mulkin Robespierre ne, wanda a ƙarƙashinsa kotuna suka yanke wa mutum kimanin 17,000 hukuncin kisa cikin abin da bai fi shekara guda da 'yan watanni ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da 'yan juyin Rasha suka kashe Sarki Alekzanda na Biyu da bam a 1881, ma'anar ta juya ta koma kan ƙananan ƙungiyoyin da ke yaƙar gwamnati. Yau gwamnatoci ne suka fi kowa riƙe da kalmar suna nuna wasu da ita.

Ƙarni na 19 shi ne kakarta. *Liberalism* ta biyo bayan wani ɓangare na 'yan majalisar Kadis ta Sifaniya da ake kira *Liberales*, waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1812. *Socialism* ta fito a wajajen 1830 a tsakanin mabiya Robert Owen a Ingila da masu irin ra'ayinsu a Faransa. *Communism* ta bazu a shekarun 1840, kafin Karl Marx da Friedrich Engels su fitar da sanarwarsu a 1848. George Holyoake ya raɗa *secularism* a 1851. Waɗannan dai masu su ne suka ɗauke su da alfahari. Labarin *capitalism* ya sha bamban. 'Yan kasuwa da masu masana'antu ba su san suna bin wata aƙida ba; a wurinsu saye da sayarwa suke yi kamar yadda suka gada. Masu sukarsu irin su Louis Blanc ne suka fara amfani da kalmar a wajajen 1850. Shi kansa Marx da wuya ya yi amfani da ita a babban littafinsa na 1867, ya fi son ya yi maganar hanyar samar da kaya ta masu jari. Sai da Werner Sombart ya fitar da littafi a kanta a 1902, Max Weber ya biyo baya, sannan ta zauna daram a jami'o'i. Masu goyon bayan tsarin sun daɗe suna gudun sunan, suna cewa kasuwa mai 'yanci, kafin irin su Milton Friedman su rungume shi a bangon littafi a 1962.

A Amurka kafin yaƙin basasa, masu kare bauta a jihohin Kudu sun gano cewa jam'in kalmar ma makami ne. Masu neman a soke cinikin bayi, da masu neman 'yancin mata, da 'yan gurguzu, da Momonawa, da masu iƙirarin magana da matattu, duk aka haɗa su aka kira su *isms* na Arewa. George Fitzhugh na jihar Bajiniya ya keɓe babi guda a littafinsa na 1857 yana bayanin dalilin da ya sa, a cewarsa, irin waɗannan aƙidu suka cika Arewa amma babu su a Kudu. Dabarar a fili take. Idan ka jera kiran a 'yanta ɗan Adam daga sarƙa a layi ɗaya da masu kiran fatalwa, ka huta da amsa hujjarsa.

A fagen zane-zane sunayen sun fara da ba'a suka ƙare da tuta. A watan Afrilun 1874 wasu masu zane da manyan alƙalan fasaha na Faris suka sha ƙin karɓar aikinsu sun shirya baje kolinsu a ɗakin wani mai ɗaukar hoto. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ga zanen Claude Monet na fitowar rana a tashar jiragen ruwa, wanda ya sa wa suna *Impression*, ya rubuta sharhi na izgili yana kiransu da wannan suna, ma'ana aikinsu shafe-shafe ne da ba a gama ba. Cikin shekara uku masu zanen suka karɓi sunan, *Impressionism* ta zauna. Zuwa 1909 al'amarin ya juye: Filippo Marinetti ya buga sanarwar *Futurism* a shafin farko na jaridar *Le Figaro* tun kafin a ga wani aikin a zo a gani. An fara raɗa suna sannan a nemi jariri.

Ba duk kalmomin ne na faɗa ba, kuma ɗalibin Turanci na bukatar ya san haka. A 1849 wani likita ɗan Suwidin, Magnus Huss, ya raɗa *alcoholism*, ya mayar da abin da ake ɗauka lalacewar hali kawai ya zama ciwon da likita zai duba. Eugen Bleuler na Suwizalan ya kawo *autism* a 1911. *Albinism* shi ne halittar zabiya. *Journalism* da *tourism* sana'a ce da harka, *heroism* hali ne, *organism* da *mechanism* abubuwa ne da ake iya taɓawa. John Witherspoon, shugaban kwalejin da ta zama jami'ar Princeton, ya ƙirƙiro *Americanism* a 1781 don kalmomin da Amurkawa ke faɗa daban da mutanen Ingila, ma'anar da ta koma can ga malaman nahawun Girka. Akwai ma masu kama da ita da ba ita ba: *prism* da *schism* daga wani ginin Girkanci na daban suka fito.

Da aƙidun Turai suka tsallaka teku, kowane harshe ya nemi yadda zai yi da su. Japanawa suka yi amfani da *shugi*, Sinawa suka ara suka karanta shi *zhuyi*. A 1919, lokacin da matasan Beijin ke ta zazzafar muhawara kan makomar ƙasarsu, masanin nan Hu Shi ya rubuta maƙala yana kira da a rage zancen *zhuyi* a ƙara nazarin matsaloli ɗaya bayan ɗaya, irin su halin da masu jan keken ɗaukar mutane ke ciki. Li Dazhao ya mayar masa da martani cewa ba za a iya tara jama'a su gyara komai ba sai da aƙidar da za ta haɗa su. Bayan shekara biyu Li na cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar kwaminis ta Sin. Ina ganin dukkansu biyun suna da gaskiya, kuma har yau ba a raba wannan gardama ba a ko'ina.

Larabci ya yi amfani da *-iyya* ɗinsa ya gina *ishtirakiyya* da *ra'asmaliyya* da *ƙaumiyya*. Hausa ta daɗe da karɓar wannan ta hanyar malamai, a Malikiyya da Ƙadiriyya da Tijjaniyya, har ta kai 'yan siyasar Kano sun gina Kwankwasiyya a kanta. Amma abin sha'awa shi ne, manyan aƙidun tattalin arziki biyu ba ta bi da su ta nan ba. Ta ce gurguzu, a haɗu a yi tare ba rarrabewa, ta kuma ce jari-hujja, tsarin da jarinka shi ne hujjarka. Na biyun hukunci ne aka yanke a cikin suna. 'Yan kishin Afirka masu rubutu da Turanci kuwa sun kama *-ism* hannu bibbiyu. Nwafor Orizu ya yi bayanin *Zikism* a littafinsa na 1944, matasa suka kafa ƙungiyar Zikist a 1946, Turawan mulki suka haramta ta a 1950. Kwame Nkrumah ya fitar da *Consciencism* a 1964, a shekarar da ta biyo ya fitar da littafinsa kan *neo-colonialism*, sabon mulkin mallaka na bayan saukar tuta. Julius Nyerere ya zaɓi kalmar Suwahili, Ujamaa. 'Yan NEPU da suka kafa jam'iyyarsu a Kano a watan Agustan 1950 da sawaba da talakawa suka yi magana, kuma manomi a ƙauye bai buƙaci tafinta ba. Turancin Nijeriya na yau ya ƙara nasa, irin su *godfatherism* don siyasar ubangida.

Sauyi mafi girma na ƙarni na 20 ya zo ne ta kalma ɗaya. *Racism* ta fara yaɗuwa a shekarun 1930 a matsayin sunan wata aƙida ta musamman, wadda ke cewa jinsunan mutane hawa-hawa ne, wasu an halicce su sama da wasu, kuma 'yan Nazi na Jamus sun mayar da ita dokar ƙasa. Magnus Hirschfeld, likita Bayahude da ya yi gudun hijira daga Jamus, ya rubuta littafi mai wannan suna wanda ya fito da Ingilishi a 1938, bayan rasuwarsa. Da yaƙi ya ƙare aka ga abin da aƙidar ta aikata, sai ya zamana ba mai iƙirarin bin ta a fili. Kalmar ta tashi daga sunan abin da mutum ya yi imani da shi ta koma sunan zaluncin da ake yi wa wani. A 1967 Stokely Carmichael da Charles Hamilton suka faɗaɗa ta, suka ce wariyar launin fata na iya zama a cikin tsarin hukuma ko da babu ma'aikaci ɗaya da ke jin ƙiyayya a ransa: a yadda ake ba da bashin gida, a unguwar da ake kai makaranta mai kyau, a wanda ɗan sanda ke tsayarwa. A 1999 rahoton Macpherson kan kisan matashi baƙar fata Stephen Lawrence a Landan ya yi amfani da wannan ma'ana a kan rundunar 'yan sandan birnin kanta.

Daga wannan kalma aka samu sabon ma'auni. A tsakiyar shekarun 1960 mata masu fafutuka a Amurka suka gina *sexism* a kan ƙirarta. Likita Robert Butler ya raɗa *ageism* a 1969 don wulaƙancin da ake yi wa tsofaffi. Richard Ryder ya kawo *speciesism* a 1970 a madadin dabbobi, *ableism* ta biyo baya don masu buƙata ta musamman. Ga inda ɗalibi ke rikicewa: *feminism* goyon bayan mata ce, *sexism* nuna musu bambanci ne, kuma babu abin da ke jikin kalmomin biyu da zai gaya maka wacce ce wacce. Sai ka san tarihinsu. Duk da abin da na faɗa kan haɗarin haruffan nan, ba zan ƙi yaba wannan aikin nasu ba. Matar da aka hana ƙarin girma a ofis, da wadda aka biya ƙasa da abokin aikinta, da wadda aka katse wa magana a taro, kowacce na ɗaukar abin a matsayin tsautsayinta ita kaɗai, har aka samu suna ɗaya da ya nuna musu abu guda ne ke cin su. Abin da ke da suna ana iya kai ƙararsa, ana iya rubuta doka a kansa.

Tsohon halin liƙa wa mutum suna bai mutu ba. A watan Fabrairun 1950 Sanata Joseph McCarthy ya yi iƙirarin cewa yana da jerin sunayen 'yan kwaminis a ma'aikatar harkokin wajen Amurka. Ranar 29 ga Maris mai zanen barkwanci na jaridar *Washington Post*, Herbert Block, ya zana giwa, alamar jam'iyyar Republican, wasu 'yan siyasa na ja suna turawa, ita tana tirjewa, ana so ta hau kan bokitan kwalta da aka ɗora ɗaya kan ɗaya suna tangaɗi. A can sama akwai ganga, a jikinta an rubuta *McCarthyism*. Sanatan ya yi ƙoƙarin mayar da sunan abin alfahari, har ya sa shi a bangon littafinsa na 1952, amma bai yi nasara ba. Majalisar Dattawa ta tsawata masa a hukumance a Disambar 1954, sunansa kuma ya zama sunan duk wata tuhumar da ake yi ba hujja don a kashe wa mutum kasuwa.

Kalmar da ta fi damun Musulmi a yau ita ce *Islamism*. A ƙarni na 18 marubutan Faransa irin su Voltaire sun yi amfani da *islamisme* da nufin Musulunci kansa, kuma a lokacin ta fi *mahométisme* mutunci. Ta kwanta na tsawon lokaci, sai masana a Faransa suka farfaɗo da ita a ƙarshen shekarun 1970, lokacin juyin juya halin Iran, don ƙungiyoyin da ke neman kafa mulki da sunan addini. Manufarsu ita ce su raba addinin da siyasar wasu mabiyansa. A aikace kuwa, kalma ɗaya ta rufe jam'iyyar da ke shiga zaɓe ta karɓi kaye da ƙungiyar da ke tayar da bam a kasuwa, mai sauraro a Turai kuma haruffa biyar na farko ya fi ji. Mai fassara labarai zuwa Hausa ba shi da kalma ɗaya da zai mayar da ita, dole ya tsaya ya zaɓa: masu kishin Islama ne, ko masu tsattsauran ra'ayi, ko masu iƙirarin jihadi. Wannan tilas ɗin alheri ne, don yana sa shi ya duba su wane ne ake magana a kansu kafin ya buɗe baki.

A 2015 kamfanin ƙamus na Merriam-Webster ya duba kalmomin da mutane suka fi nema a shafinsa na intanet, ya ga *socialism* da *fascism* da *racism* da *feminism* da *communism* da *capitalism* da *terrorism* sun mamaye jerin, sai ya ayyana ɗafa-ƙeyar kanta a matsayin kalmar shekara. Bayan shekara biyar, a makonnin da suka biyo bayan kisan George Floyd a Minneapolis, wata matashiya baƙar fata daga jihar Misuri da ba ta daɗe da gama jami'a ba ta rubuta wa kamfanin. Ta ce duk lokacin da ta yi maganar wariyar da ke cikin tsari, sai abokan gardamarta su buɗe ƙamus su nuna mata cewa ma'anar *racism* ita ce mutum ya yarda wani jinsi ya fi wani, su kuwa ba su yarda da haka ba, saboda haka zance ya ƙare. Editocin suka amsa mata cewa tana da hujja, suka kuma sake rubuta bayanin kalmar ta yadda zaluncin da ke cikin dokoki da hukumomi ya fito fili a cikinsa.